Dafodil ɗina ya yi fure bara, bana sai ganye zalla

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Na shuka albasar furen dafodil guda talatin a ɗan lambun bayan gidanmu, a ƙasar da muke zaune mai tsananin sanyi. Bara duk suka yi fure, gwanin ban sha'awa. Da furen ya yanƙwane sai na sa almakashi na aske ganyen don wurin ya yi tsaf. Bana ganye ya fito, amma fure huɗu kacal na gani. Irin ne ba shi da kyau, ko taki ne ya yi kaɗan? Sannan ƙanwata da ke zaune a ƙasa mai zafi tana so in aika mata, ko zai yi a can?"

Barka kadai, Malama. Kada ki ɗora wa mai sayar da iri laifi, kada kuma ki yi saurin sayo taki. Amsar tana cikin tambayarki. Almakashin nan da kika ɗauka bara shi ya cinye miki furen bana.

Bari in fara da abin da ke cikin ƙasa, don in kin gane shi sauran bayanin zai zo miki da sauƙi. Dafodil fure ne da ke tsirowa daga wani curi mai kama da albasa, kuma abin da muke kira albasar dafodil ɗin rumbu ne. Ɓawon nan mai ruwan ƙasa riga ce kawai. A ƙarƙashinsa akwai farare, masu kauri, ɗaya na rungume da ɗaya, kuma galibinsu gindin ganyen shekarun baya ne da suka kumbura da abinci. Can ƙasa akwai wani ɗan faifai mai tauri, daga nan saiwa ke fita, a kansa kuma komai yake zaune. In kina da wadda za ki iya sadaukarwa, ki ɗauki babba guda ɗaya kafin shuka, ki tsaga ta da wuƙa daga sama har ƙasa. A tsakiya za ki ga wani ɗan abu fari-fari mai ɗan rawaya, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Furen ne, an riga an ƙera shi, yana naɗe yana jiran lokacinsa. Ranar da aka fara nuna mini wannan na daɗe ina jujjuya shi a tafin hannu. Ki wanke hannu da wuƙar sosai bayan haka, zan faɗi dalili a gaba.

Ma'anar wannan ita ce furen da kika gani bara ba aikinki ba ne. Manomin da ya raini albasar a gonarsa shi ya cika rumbun, ke kuwa kika buɗe kika ci. Shi ya sa kusan kowa yana cin nasara a shekarar farko, ko da a kan tsakuwa da ruwa ya ɗora ta. A shekara ta biyu ake gane mai lambu. Da zarar furen ya faɗi, albasar ta rame, ta kashe abin da ta tara wajen fitar da ganye da sanda da fure. Ganyen da ya rage kore shi ne ma'aikacinta tilo. Shi ke karɓar hasken rana ya haɗa sukari, sukarin ya gangara ƙasa ya zama sitaci a cikin albasar. A cikin waɗannan makonnin ne kuma, ganyen na tsaye, sabon furen baɗi yake fara ƙulluwa a ciki. Ke kuma a daidai lokacin kika sallami ma'aikacin. Albasar da ba ta ƙoshi ba takan zaɓi ta rayu, ta fitar da ganye, ta haƙura da fure sai wata shekara. Guda huɗun da suka yi miki fure su ne manyan da suka zo da rarar guzuri.

An gwada wannan a lambun Wisley da ke Ingila, na ƙungiyar masu aikin lambu ta RHS. Aka jera layuka, wasu a yanke musu ganye mako biyu bayan fure, wasu mako huɗu, wasu shida, wasu kuma a bar su sai sun bushe da kansu, aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru. Waɗanda ake yi wa askin wuri suka yi ta ja da baya, waɗanda aka bari mako shida kuwa suka ci gaba da fure lafiya lau. Daga nan ƙa'idar mako shida ta samo asali. Ni dai a nawa aikin ba na ƙirga kwanaki sosai. Ina jira sai ganyen ya yi rawaya ya kwanta, in na ɗan ja shi da yatsu biyu ya taho ba gardama. In ya yi turjiya, bai gama aiki ba, sai in ƙyale shi.

Na san abin da ya dame ki. Ganyen dafodil bayan fure ba shi da kyan gani, yakan baje ya yi yaushi kamar an zauna a kai. Wasu don gudun haka sai su tufke shi kamar gashi, ko su ƙulle shi, ko su ɗaure da roba. Wannan aski ne a fakaice. Ganyen da aka naɗe, na waje kaɗai ke ganin rana, na ciki yana duhu, ga shi an karya hanyoyin da abinci ke bi ya sauka. Abin da ya fi shi ne ki ɓoye shi. Ki shuka wani abin da ke tasowa a makare a gabansa ko a tsakaninsa, yadda lokacin da dafodil ke yaushi shi kuma yana buɗe ganye ya rufe shi. In a cikin ciyawa kika shuka, injin yankan ciyawa ya kewaye wurin har makonnin su cika. Abin da aka yarda ki cire shi ne kan furen da ya mutu, tare da ɗan kumburin da ke bayansa inda 'ya'ya ke ƙulluwa. Ki tsinke shi da farce don kada ƙarfin albasar ya tafi wajen yin iri. Sandar kuwa ki bar ta, ita ma kore ce, tana taya ganye aiki.

To, albasarki ba ta mutu ba, tunda ta fitar da ganye. Bana ki bar shi ya yi ta shan rana. In an yi kwanaki ba ruwan sama a wannan tsakanin, ki yi ban ruwa, don fari bayan fure yana sa ganye ya bushe da wuri, sakamakonsa ɗaya da na almakashi. Taki yana da amfani, amma ba kowane iri ba. Ki nemi wanda fotash ɗinsa ya fi yawa, naitirojin kaɗan. In kin duba lambobi ukun da ke jikin buhu, ta farko, wato ta naitirojin, ta zama ƙarama, kamar 5-10-10. Takin ruwa da ake sayarwa don tumatir ma yana yi, a riƙa ba shi duk bayan mako ɗaya ko biyu daga faɗuwar fure har ganye ya fara rawaya. Yuriya da ɗanyen kashin dabbobi ki nisance su. Suna ba da ganye shar, mai ruɗin ido, amma albasar takan yi taushi ta zama abincin ruɓa. Kuma ki sani takin da kika zuba bana ba zai fito da fure bana ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Baɗi za ki ga canji, wataƙila rabi su yi fure, sauran sai shekara mai bi mata.

Duk da haka, tunda ban ga lambun da idona ba, zan so ki tona guda biyu ko uku bayan ganyen ya bushe, ki duba wasu abubuwa. Sau da yawa laifin ba guda ɗaya ba ne.

Ki fara da zurfi. Kuskuren da na fi gani wajen sababbin masu lambu, bayan yankan ganye, shi ne shuka sama-sama. Ramin ya kamata ya kai ninki uku na tsayin albasar. In tsayinta santimita 5 ne, ramin ya zama 15, a zaunar da ita faifan a ƙasa, tsinin yana kallon sama, ƙasa kamar santimita 10 ta rufe kanta. Tsakanin wannan da waccan a bar santimita 10 zuwa 15. Wadda aka binne sama-sama zafin rana yana dukanta, ƙasar kanta tana bushewa da wuri, sai ta yi ta rarrabuwa zuwa ƙananan 'ya'ya da ba su isa fure ba. Dafodil yana da wata dabara, saiwarsa takan tsuke ta ja albasar ƙasa a hankali, amma wannan gyaran ɗan kaɗan ne, ba zai cike miki ramin da ba ki haƙa ba. In kin tarar nakin suna kusa da sama, ki tone su duka ki sake binnewa yadda ya dace.

Sai ƙasar kanta. Asalin wannan fure yankin Bahar Rum ne, musamman Sifaniya da Fotugal, har zuwa duwatsun Maroko. Masana tsirrai suna kiran danginsa Narcissus, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya tabbatar a 1753, Larabawa kuma suna cewa narjis. A mahaifarsa ruwa yana zuwa ne lokacin sanyi, lokacin zafi kuma ƙasa ta bushe, albasar ta yi barci. Don haka yana son danshi yayin da yake tsiro, amma ba ya son kwana cikin ruwa, balle lokacin da yake barci. In ƙasarki yumɓu ce mai riƙe ruwa, ki cakuɗa ta da ruɓaɓɓen takin ganye da tsakuwa ƙanana, ko ki ɗaga wurin ya zama kunya. Gwajin mai sauƙi ne: ki haƙa rami, ki cika shi da ruwa, in kin dawo bayan wasu sa'o'i kin tarar ruwan na nan kwance, wurin ba na dafodil ba ne sai an gyara. Ni kaina na taɓa asarar tukwane shida a hunturu ɗaya. Tukwanen suna da huda, amma na ajiye su a kan daɓen siminti, hudar ta manne da ƙasa, ruwan sama ya taru a ciki. Da na ga shiru na zazzage ɗaya, sai wari ya bugi hancina, albasar ta narke ta zama kamar kunu. Tun daga ranar ba na ajiye tukunya sai na ɗora ta a kan 'yan duwatsu uku.

Rana ma ki duba. Yana son aƙalla rabin yini na hasken rana a lokacin da ganyensa ke tsaye. Ƙarƙashin bishiyar da ke kaɗe ganye da hunturu ba laifi, don kafin ta rufe da sabon ganye dafodil ya ci rabonsa. Ƙarƙashin wadda ba ta kaɗewa, ko jikin bangon da rana ba ta leƙawa, nan kam ganye kawai za ki yi ta samu.

Cunkoso ba matsalarki ba ce yanzu, shekara biyu ta yi kaɗan, amma tana tafe. Kowace albasa tana haihuwa a gefenta, bayan shekara huɗu ko biyar sai ki ga guri ɗaya ya zama curi, ganye cunkus, fure ƙalilan. Lokacin sai a tone curin bayan ganye ya bushe, a sa cokalin haƙa daga nesa don kada a soke su. 'Ya'yan da suka saki da kansu a raba su, waɗanda ke manne da uwar a bar su, in aka ɓalle da ƙarfi faifan yana rauni. Ana iya mayar da su ƙasa nan take, ko a shanya a inuwa, a zuba cikin buhun raga, a rataye inda iska ke ratsawa kuma ba zafi, har kaka. Leda kam a'a, gumi za su yi su ruɓe.

In kin tono kin matsa albasar kin ji ta yi laushi kamar soso, ki tsaga ta. Mai yiwuwa ki tarar da tsutsa guda, ƙatuwa, mai launin ƙasa-ƙasa, tsayinta ya kusa santimita 2, ta cinye tsakiyar ta bar dagwalo. 'Yar wani ƙuda ce mai gashi da ke kama da ƙaramar ƙudan zuma, masana na kiransa Merodon equestris. Yana yawo a ranakun da rana ta buɗe, daidai lokacin da ganyen ke bushewa, ya saka ƙwai a wuyan shukar. Tsutsar ta gangara ta huda ta faifan ƙasa ta shige. Irin wannan albasar in ta tsira, sai ki ga ta fitar da 'yan siraran ganye kamar ciyawa. Maganinsa a lambun gida shi ne toshe masa ƙofa: idan ganye ya bushe yakan bar rami a ƙasa, sai ki ja ƙasa ki cike ki danna. Wadda ta kamu kuma a jefar da ita cikin shara, ba cikin tarin taki ba.

Akwai wadda ta fi wannan sharri, wata tsutsa da ido ba ya gani, Ditylenchus dipsaci. Alamarta ganye ya murɗe ya gajarce, da 'yan ƙuraje masu rawaya da za ki ji da yatsa in kin shafa. In aka yanka albasar a gicciye sai a ga zobba masu ruwan ƙasa a ciki. Fiye da shekara ɗari da suka wuce ta kusa durƙusar da noman dafodil a Ingila, har aka ɗora wa wani matashi mai suna James Kirkham Ramsbottom binciken abin a Wisley a 1916. Shi ya gano cewa in aka jiƙa albasar na 'yan sa'o'i cikin ruwa mai zafin kusan digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, tsutsar tana mutuwa, albasar kuma ta tsira. Har yau manoma na bin wannan hanya, a digiri 44.4 na tsawon sa'a uku. Amma ba na ba ki shawarar gwadawa a gida. Tazarar da ke tsakanin zafin da ke kashe tsutsar da wanda ke dafa furen ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai da na'ura. In kin ga alamar, ki tone shukar da na kusa da ita ki zubar, ki huta da shuka dafodil a wurin na wasu shekaru. Ganye mai zane-zanen rawaya a tsaye kuma cutar bairos ce da darɓa ke yaɗawa, ita ma ba ta da magani sai cirewa. In kuma kin ga an ɓalgace furen da dare, dodon koɗi ne.

Idan za ki ƙaro iri, ki saya da wuri ki shuka da wuri. A ƙasashen arewacin duniya Satumba zuwa Oktoba ne lokacinsa, a kudanci kamar Ostareliya kuwa wajen Afrilu da Mayu. Dafodil yana riga yawancin furanni masu albasa fitar da saiwa, yana so ya kafu tun ƙasa na da sauran ɗumi kafin ƙanƙara ta kama ta. Ki zaɓi mai nauyi a hannu, mai tauri, faifanta a bushe ba funfuna. Wadda ta yi sakayau ko ta yi laushi a gindi ki ajiye musu kayansu. A jikin kwali za ki ga lamba kamar 12/14, kewayen albasar ke nan a santimita, kuma a iri ɗaya babba ta fi ƙarama ba da fure. Mai kai biyu takan ba da sanda biyu.

Zaɓin iri kuwa, sunayen da aka yi wa rajista sun haura 25,000, RHS ta kasa su rukuni 13 bisa siffar furen. Kada wannan ya ruɗa ki. Ga mai son abin da zai yi ta dawowa ba rigima, Carlton da Ice Follies da Dutch Master sun daɗe suna fitar da mutane kunya. Na tukunya kuma babu kamar Tête-à-Tête, ɗan gajere da wani mai haɗa iri, Alec Gray, ya fitar a 1949. Thalia fari ne tas, yakan zo a ɗan makare. In kika haɗa mai wuri da mai makara za ki yi wata biyu ko fiye lambun bai rabu da fure ba. Za ki kuma yi ta cin karo da sunan King Alfred a kasuwa. Na ainihin ya bayyana a 1899, kuma wanda ya haɗa irin, John Kendall, ya rasu bai ga furensa ba, saboda dafodil da aka shuka daga ƙwaya yakan ɗauki shekara biyar ko fiye kafin ya yi furen fari. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna a yau wasu iri ne masu kama da shi da suka gaje shi. Ba cuta ba ce sosai, don sau da yawa sun fi shi ƙarfi, amma gara ki san abin da kika saya.

Yanzu maganar ƙanwarki, kuma zan gaya miki gaskiya ko da ba za ta yi mata daɗi ba. Irin dafodil da kike da shi ba zai zauna a ƙasa mai zafi ba. Furen da ke naɗe a ciki ba ya miƙewa sai albasar ta sha sanyi na mako 12 zuwa 16, a tsakanin digiri 2 zuwa 9. Sanyin ne ke gaya mata hunturu ya zo ya wuce. In ba ta same shi ba, ko dai ta ƙi fitowa, ko furen ya buɗe a dunƙule can gindin ganye ba sanda. Ana yi wa abin dabara da firji. Hanyar da ta fi ita ce a shuka a tukunya, a jiƙa ƙasar, a sa tukunyar gaba ɗaya a firji, ba cikin gidan ƙanƙara ba, a riƙa dubawa kada ta bushe. Idan saiwa ta leƙo ta hudar ƙasa, tsiro kuma ya kai kamar santimita 5, sai a fitar zuwa wuri mafi sanyi da haske a gidan, fure ya biyo baya cikin mako uku ko huɗu. Kada a haɗa shi da tuffa ko wasu 'ya'yan itace masu nuna a firjin, suna fitar da iskar etilin da ke lalata furen tun yana ciki. Kuma firjin ya zama mai samun wuta ba yankewa, sanyin yau da ɗumin gobe ba ya shiga lissafi.

Ko an yi duk wannan, fure ɗaya za ta ci. A cikin zafi furen da zai yi mako biyu a wurinki kwana kaɗan zai yi, ganyen ya ƙone kafin ya cika rumbu, ƙasa mai ɗumi da danshi kuma ita ce gidan wani naman gwari, Fusarium, da ke ruɓar da albasar daga faifai ya haura. Wata uku na hidimar firji don furen 'yan kwanaki, a ganina kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Abin da zan ba ta shawara shi ne dangin tazetta, rukuni na 8, waɗanda ba sa bukatar wannan sanyin. Su ne masu ƙananan furanni da yawa a kan sanda guda, da ƙamshi mai ƙarfi da wasu ke so wasu kuma yake hawar musu kai. Paperwhite fari, irin su Ziva, shi ya fi sauƙi, sai Grand Soleil d'Or mai rawaya. Ta samu kwano, ta zuba tsakuwa, ta jera albasar a kai kusa da juna, ta zuba ruwa ya tsaya daidai ƙarƙashin faifan ba tare da ya taɓa jikinta ba. Saiwa za ta sauka ta nemi ruwan da kanta. Cikin mako huɗu zuwa shida sai fure. Ta yi hakan a watannin da suka fi sanyi a inda take, ta ajiye kusa da taga mai haske, don in haske ya yi kaɗan sandar takan zuƙe ta faɗi. Wadda aka raina a ruwa ta gama yawo, ba a sa ran ta sake. Kafin ki aika kuma ki binciki dokar shigar da tsirrai ta ƙasar, da yawa ba sa barin albasa ko iri su wuce iyaka sai da takardar shaidar lafiyar shuka.

Ga dalilin wanke hannun da na ce. Duk jikin dafodil guba ne, albasar ta fi. Tana ɗauke da wani sinadari, laikorin, mai sa amai da gudawa da ciwon ciki, ga kuma wasu ƙananan allurai na gishirin okzalet a cikin ruwanta masu sa ƙaiƙayi da tsagewar fata, abin da masu tsinkar furen a gonaki suka sani sarai. Haɗarin shi ne kamarta da albasar girki, ganyenta kuma da lawashi. Kama da wane ba wane ba ne: ita ba ta da warin albasa ko kaɗan, ba ta sa hawaye. Mutane sun sha kwanciya asibiti a kan wannan kuskure, har a 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna cewa su nisanta dafodil daga wurin kayan lambu. Don haka in za a sa a firji ko a ajiye a ɗaki, a rubuta a jiki da manyan baƙaƙe, a gaya wa duk mai shiga kicin, a kuma nisanta da yara da kyanwa da kare. Wanda ya ci bisa kuskure a nemi likita, a tafi da ragowar abin don a gani. Gubar tana da ranarta, ita ta sa ɓeraye da barewa ba sa taɓa shi alhali suna cinye tulib, wani furen mai albasa. Daga cikinsa kuma ake samun galantamin, maganin da ake ba masu cutar mantuwa ta Alzheimer, har ana noma shi musamman don haka a tsaunukan Wales.

Furanni huɗun nan naki, in kina so ki kai su ɗaki, ki tsinke su tun suna ƙunshe, lokacin da kan ya sunkuya kuma launi ya fara leƙowa. Za ki ga wani ruwa mai yauƙi yana ɗiga daga sandar. Yauƙin nan yana sa sauran furanni, musamman tulib da wardi, su yi laushi da wuri in an haɗa su a ruwa ɗaya. Ki ba dafodil kwalbarsa shi kaɗai, ko ki bar shi cikin ruwansa daban na wasu sa'o'i, ki zubar da ruwan, sannan ki haɗa ba tare da kin sake yanke gindin ba. Ruwa kaɗan ya ishe shi, ki riƙa canzawa, ki ajiye nesa da na'urar ɗumama ɗaki. Sandar kaɗai za ki tsinko daga gindi, ganyen ko ɗaya kada ya biyo hannunki.